Akawun Kotu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikinsa, Amanarsa da Iyakarsa

Yawancin mutanen da shari'a ta kai su kotu sukan zuba wa alƙali ido, alhali tun kafin ƙararsu ta isa gabansa, da kuma bayan ya tashi daga zama, a hannun wani mutum dabam takardunsu suke kwana. Wannan mutumin shi ne akawun kotu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ƙara, da waɗanda ake ƙara, da shaidu suka fi yi game da shi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga kotu zuwa kotu, saboda haka a inda aka kawo ƙa'idar wata ƙasa an ambaci sunanta.

Wane ne akawun kotu, kuma me ya raba shi da alƙali?

Akawun kotu ma'aikaci ne da aka ɗora wa alhakin karɓar takardun shari'a, da rubuta su a rajista, da adana su, da kuma shirya zaman kotu. Alƙali ne yake sauraron hujja ya yanke hukunci, shi kuwa akawu aikinsa shi ne ya tabbatar da cewa duk abin da aka shigar, da ranar da aka shigar da shi, da abin da alƙali ya umarta, suna nan a rubuce ta yadda ba mai iya musun su daga baya. A manyan kotuna akan raba aikin: magatakarda, wanda ake kira rajistara, shi ne shugaban ofis, a ƙarƙashinsa kuma akwai mai karɓar kuɗi, da mai kula da fayil, da mai zama a zauren shari'a, da mai kai sammaci. A ƙaramar kotu kuwa sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suke ɗauke da wannan nauyin gaba ɗaya, kuma a nan ne aikin ya fi wuya, domin babu wanda zai gyara kuskure kafin ya shiga littafi.

Me yake yi idan mutum ya zo shigar da ƙara?

Da farko yakan duba ko takardun sun cika: sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara, da adireshin da za a same su, da abin da ake nema daga kotu, da sa hannu. Sannan ya lissafa kuɗin shigar da ƙara bisa jadawalin da doka ta tsara, a biya, a ba da rasit. Bayan haka sai ya buga hatimi mai kwanan wata a kan takardar, ya ba ƙarar lamba, ya rubuta ta a rajista, ya buɗe mata fayil, ya kuma shirya sammacin da za a kai wa ɗaya ɓangaren.

A cikin waɗannan matakai, buga kwanan wata shi ne wanda mutane suka fi rainawa, kuma shi ne mafi nauyi. Kusan kowace irin ƙara tana da wa'adin da doka ta yanka mata, kuma idan wa'adin ya wuce, kotu tana iya ƙin sauraronta komai ƙarfin hujjar mai ita. Haka nan mayar da martani ga ƙara yana da wa'adi, ɗaukaka ƙara ma tana da nata. Idan gardama ta taso kan ko mutum ya shigar da takardarsa a kan lokaci, ba a tambayar abin da ya tuna ko abin da lauyansa ya tuna. Hatimin akawu da rubutun rajista ake dubawa. Saboda haka akawun da ya karɓi takarda yau ya ajiye ta a aljihun tebur, ya ce sai gobe zai buga mata hatimi, yana iya jawo wa mutum asarar haƙƙinsa ba tare da ya yi niyyar cutar da shi ba. Wanda kuma ya yarda ya mayar da kwanan wata baya domin ya taimaki wanda ya makara, ya zalunci ɗaya ɓangaren, kuma ya yi jabun takardar hukuma, wanda laifi ne da ake hukuntawa. Abin da ya kamata mai shigar da takarda ya yi shi ne ya zo da kwafi na biyu, ya nemi a buga masa hatimi a kai a gabansa, ya tafi da shi gida.

Yana da ikon ƙin karɓar takarda?

Yana iya nuna wa mutum cewa takardarsa ba ta cika ba, ko ba a biya kuɗin da ya wajaba ba, ya ce a je a gyara. Amma ba shi da ikon ƙin karɓar ƙara don yana ganin ba ta da tushe, ko don yana ganin mai ita ba zai yi nasara ba, domin wannan hukunci ne, hukunci kuwa na alƙali ne. A kotunan tarayya na Amurka ƙa'idar shari'ar farar hula ta faɗa a fili cewa akawu ba zai ƙi karɓar takarda ba don kawai ba a tsara ta yadda ƙa'ida ta ce ba. Zai karɓa, alƙali ya duba aibin daga baya. Ba kowace ƙasa ce ta rubuta hakan ba, amma hikimar da ke ciki ta shafi ko'ina: bai kamata a rufe wa mutum ƙofar kotu a kan teburin da ba a sauraron hujja.

A ranar zama, mene ne aikinsa?

Tun kafin alƙali ya shigo, akawu ya riga ya fitar da jerin ƙararrakin ranar, ya jera fayilolinsu bisa tsari, ya duba ko an kai sammaci kuma shaidar kaiwar tana cikin fayil. Idan an fara zama, shi ne yake kiran ƙara da lambarta da sunayen masu ita. A kotuna da dama shi ne yake karanta wa wanda ake tuhuma tuhumar da ake yi masa, ya rantsar da shaida, ya karɓi takarda daga hannun lauya ya miƙa wa alƙali. Idan an ɗage zama, shi ne yake rubuta sabuwar ranar a bayan fayil da kuma cikin littafin kotu.

Wanda ya taɓa zama a zauren ƙaramar kotu ya san yadda wannan lokaci yake wucewa da sauri. Alƙali ya faɗi rana sau ɗaya, lauyoyi suna tattara takardu, an riga an kira ƙara ta gaba, mai ƙarar da ba shi da lauya kuwa yana tsaye bai tabbatar ko sha biyu aka ce ko ashirin da biyu ba. Akawu nagari yakan ɗaga kai ya maimaita ranar da ƙarfi, ko ya rubuta ta a 'yar takarda ya miƙa masa. Ƙaramin abu ne, amma da yawa daga cikin ƙararrakin da ake kora saboda rashin zuwan mai su, daga irin wannan rashin jin suke farawa.

Shi ne yake rubuta duk abin da ake faɗa a kotu?

Ya danganta da ƙasa. A Faransa da ƙasashen da suka ɗauki tsarin shari'arta, kamar Nijar, akawu yana zaune tare da alƙali yana rubuta abin da ya gudana, kuma shi ne shaidar cewa an bi ƙa'ida. Dokar shari'ar farar hula ta Faransa ta wajabta cewa shugaban zama da akawu su sa hannu a kan hukunci, in ba haka ba ana iya soke shi. A Amurka akwai ma'aikaci dabam da yake ɗaukar maganganu kalma da kalma, akawu kuwa yana riƙe da rajistar da ke nuna kowane mataki da ranarsa. A kotuna da yawa na Nijeriya alƙali ne da kansa yake rubuta bayanin shaidu, akawu ya adana, ya kuma sa a buga idan an buƙata. Ko wanne tsari aka bi, kotun sama ba ta ganin abin da ya faru a zaure. Abin da ke rubuce kawai take gani.

Ina kayan shaida suke zuwa bayan an miƙa su?

Da zarar kotu ta karɓi wani abu a matsayin shaida, ko takardar yarjejeniya ce, ko waya, ko makami, ko kuɗi, akan lika masa alama, a rubuta shi a littafin kayan shaida, a kulle shi a ƙarƙashin kulawar ofishin akawu. Duk wanda ya fitar da shi sai ya sa hannu, haka idan ya mayar. Dalili shi ne a iya nuna cewa abin da aka gani ranar hukunci shi ne wanda aka miƙa tun farko, ba a canza shi ba, ba a kuma rage shi ba. Mai kaya ba ya karɓar kayansa sai da umarnin kotu, yawanci bayan wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce.

Zan iya neman shawararsa kan shari'ata?

Akwai abin da zai faɗa maka, akwai wanda bai halatta ya faɗa ba. Zai iya gaya maka wace takarda ake cikewa, nawa ne kuɗin da doka ta sa, yaushe ne zama na gaba, a wane zaure, da kuma ko ɗaya ɓangaren ya shigar da martani. Ba zai gaya maka ko za ka yi nasara ba, ko wane shaida ya kamata ka kawo, ko ka amsa laifi ko ka musa, ko ka karɓi sulhu. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin rowa ko girman kai, musamman wanda ba shi da kuɗin lauya kuma yana ganin akawun ya san komai. Amma duk shawarar da ya ba ka makami ne a kan abokin shari'arka, wanda shi ma gobe zai tsaya a gaban wannan teburin yana sa ran a yi masa adalci. Abin da ya dace akawu ya yi wa irin wannan mutum shi ne ya nuna masa inda ake samun taimakon lauya kyauta, idan akwai, maimakon ya kore shi da gajeriyar magana. Haka kuma bai dace ya riƙa tura mutane wurin wani lauya guda ba, domin daga nan ake fara zargin raba riba.

Zai iya yi wa alƙali magana a madadina?

A'a, kuma duk wanda ya ce zai yi maka haka, ko ƙarya yake yi don ya ci kuɗinka, ko kuwa yana shirin aikata laifin da zai iya rushe shari'ar gaba ɗaya.

Akwai wata tsohuwar shari'a a Ingila da ta nuna iyakar tsananin wannan ƙa'ida. A 1923 an gurfanar da wani mai babur mai suna McCarthy a gaban majistarorin yankin Sussex bisa tuhumar tuƙin ganganci, bayan wani haɗari. Akawun da ya zauna a kotun ranar lauya ne a wani kamfanin lauyoyi, kuma kamfanin nan shi ne yake neman diyya daga McCarthy a madadin ɗaya mutumin da haɗarin ya shafa. Da majistarorin suka shiga ɗaki don su yi shawara, akawun ya bi su, suka fito suka sami McCarthy da laifi. Daga baya majistarorin sun yi rantsuwa cewa ba su nemi ra'ayin akawun ba, kuma babbar kotu ta yarda da maganarsu. Duk da haka ta soke hukuncin. Babban alƙali Lord Hewart ya bayyana cewa yin adalci kaɗai bai wadatar ba, dole ne kuma a ga a fili cewa an yi shi. Har yau ana kafa hujja da wannan shari'a a ƙasashe da yawa idan ana maganar son kai a kotu, kuma abin lura shi ne ba alƙali ne ya jawo ta ba, akawu ne, kuma ba a ma same shi da furta kalma ɗaya ba. Shigarsa ɗakin kawai ta isa.

Daga nan ake fahimtar abin da ya wajaba a kan akawun da ɗan'uwansa, ko surukinsa, ko abokin cinikinsa yake da ƙara a kotunsa: ya sanar da shugabansa tun da wuri, a ba wani fayil ɗin.

Wane kuɗi ya halatta ya karɓa?

Kuɗin da doka ta ƙayyade kawai: na shigar da ƙara, na kai sammaci, na kwafin takardu, da tara ko diyyar da kotu ta ce a biya ta hannunta. Kowanne yana da rasit na hukuma, kuma adadin da ke kan rasit dole ya zama daidai da abin da ya fita daga aljihunka. Kuɗin nemo fayil, ko na matso da rana kusa, ko na hanzarta buga hukunci, ba su da gurbi a doka. Gaskiya ne cewa a wurare da yawa albashin ƙananan ma'aikatan kotu bai taka kara ya karya ba, kuma wani lokaci ofis ba ya da ko takardar bugawa. Wannan matsala ce ta gaske da ya kamata hukuma ta magance. Amma idan aka ɗora ta a kan masu ƙara, sakamakon shi ne fayil ɗin mai hali ya riƙa tafiya, na talaka ya tsaya.

Bayan an yanke hukunci, aikinsa ya ƙare?

A nan ne ma wani sashe mai nauyi yake farawa. Shi ne yake shirya umarnin kotu a rubuce don alƙali ya sa hannu, da takardar tsare mutum ko ta sakinsa, da takardun beli, da na zartar da hukunci. Wanda kotu ta ba da belinsa ko ta sallame shi yana iya ƙara kwanaki a tsare idan takardar ba ta fita daga ofis ba, domin gidan yari ba ya aiki da labarin baka.

Sai kuma kwafin hukunci. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, alal misali, ya ce a ba masu shari'a ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi, kuma a shari'ar laifi ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin zamanta. Wanda zai ɗaukaka ƙara kuwa ya dogara ne kacokan a kan ofishin akawu, domin su ne za su harhaɗa takardun da aka shigar, da bayanin shaidu, da jerin kayan shaida, da hukuncin kansa, su tabbatar da ingancinsu, su aika kotun sama. Idan shafi ɗaya ya faɗi daga bayanin shaidar da ta fi muhimmanci, alƙalan sama ba za su yi hasashen abin da ke cikinsa ba.

Idan aka ce fayil ya ɓata fa?

Fayil yakan ɓata saboda sakaci, ko ƙaura, ko ruwa da gobara, wani lokaci kuma da gangan ake ɓatar da shi. Kada mutum ya tsaya a kan maganar baka. Ya rubuta wa magatakarda takarda mai ɗauke da lambar ƙara da ranar zama na ƙarshe, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ya kuma sa a ambaci maganar a gaban alƙali domin ta shiga rubutu. Kotu tana iya umartar a sake haɗa fayil daga kwafin da ke hannun ɓangarorin biyu, kuma a nan ne wanda ya adana rasit da takardunsa masu hatimi yake cin moriyar haƙurinsa.

Kowa zai iya ganin abin da ke cikin fayil?

Asalin ƙa'ida shi ne shari'a a fili ake yin ta, kuma masu ƙara suna da haƙƙin neman kwafin takardunsu. Amma akan killace wasu, kamar shari'ar yara, da wasu al'amuran iyali, da duk abin da alƙali ya ba da umarnin a rufe. Hukuncin da ba a karanta ba tukuna sirri ne mai tsanani, kuma akawun da ya buga shi ko ya gan shi ba shi da izinin ko nuna alamar inda ya karkata.

Yaya ake zama akawun kotu?

Hanyoyin sun sha bamban. A Faransa ana yin jarrabawar shiga, sannan a je makarantar horar da akawunan kotu ta ƙasa da ke birnin Dijon, a kuma yi rantsuwar kama aiki. A Amurka dokar kafa kotunan tarayya ta 1789 ta ba kotuna ikon naɗa akawunansu, amma a jihohi da dama zaɓen akawu ake yi. A Florida kowace gunduma daga cikin 67 tana zaɓen nata na shekara 4. A Ingila, inda majistarori da yawa 'yan sa-kai ne da ba su karanta shari'a ba, mai zama a gabansu masanin doka ne da yake ba su shawara kan doka da ƙa'ida, amma ba ya sa baki a kan ko mutum ya yi laifi. A wasu ƙasashen kuma ma'aikacin gwamnati ne da yake koyon aikin a hannun na gaba da shi. Abin da ake nema a ko'ina shi ne rubutu mai tsabta, da kiyaye lissafi, da haƙuri da mutanen da suka zo cikin tsoro ko fushi, da riƙon amana.

Sabon aiki ne da ya zo da kotunan zamani?

A'a. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan marubucin alƙali, kuma a mazhabar Malikiyya an sharɗanta ya kasance adali, domin abin da ya rubuta shi ne za a dogara da shi bayan shaidu sun mutu ko sun manta. Littattafan rajistar kotunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, waɗanda wasunsu na birnin Bursa suka faro tun ƙarni na 15, suna nan har yau, kuma masana tarihi suna karanta rabon gado da ciniki da aure na talakawan wancan zamani daga hannun akawunan da suka rubuta su.

Kwamfuta ba za ta maye gurbinsa ba?

Ta sauya aikin, ba ta kawar da shi ba. A Amurka tsarin PACER, wanda ya fara a 1988, yana ba jama'a damar duba takardun kotunan tarayya daga nesa, kuma ƙasashe da yawa sun fara karɓar ƙara ta intanet. Amfanin a bayyane yake: na'ura ce take sa lokacin shigarwa, mayar da shi baya yana da wuya, kuma fayil ba ya ɓata cikin sauƙi. Sai dai har yanzu mutum ne zai duba ko an ɗora takarda a ƙarar da ta dace, ya ɓoye bayanan da doka ta hana bayyanawa, ya kuma taimaki wanda bai iya karatu ba ko ba shi da na'ura. Yajin aikin da ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta Nijeriya ta yi daga Afrilu zuwa Yuni na 2021 ya rufe kotuna kimanin wata biyu, duk da cewa alƙalai ba sa cikin masu yajin.

Ina zan kai kuka idan akawu ya cuce ni?

Matakin farko shi ne magatakardan kotun ko alƙalin da yake shugabantarta, sannan babban magatakarda na kotun sama, ko hukumar da take ɗauka da ladabtar da ma'aikatan shari'a a wurin. Idan maganar ta cin hanci ce ko jabun takarda, ta zama laifi, kuma ana iya kai ta ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da rashawa. A rubuta koken a taƙaice, a sa lambar ƙara, da ranar da abin ya faru, da abin da aka faɗa ko aka nema, da sunan wanda ya gani idan akwai, a haɗa da kwafin rasit. A bambanta tsakanin rashin jin daɗin hukunci, wanda maganinsa ɗaukaka ƙara ne, da laifin ma'aikaci, wanda maganinsa koke ne. Kuma kada a jira amsar koke har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, domin shigar da koke ba ya tsayar da wannan wa'adin.